Yadda ake haɗa faifan ceto na Linux daga tushe

Idan ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo shago da laftof ta ƙi tashi, furojet ɗinsa na ciki, abin da ake nema shi ne filashin da zai tayar da ita ba tare da ya taɓa rumbun ajiyarta ba. Abu uku ne ke haɗa shi: kanel na Linux (zuciyar tsarin), BusyBox (tarin ƙananan umarni a fayil ɗaya), da GRUB (manhajar da ke tayar da kanel).

A kan Debian ko Ubuntu, fara girka kayan aiki: `build-essential bc bison flex libelf-dev libssl-dev libncurses-dev cpio xorriso mtools grub-pc-bin grub-efi-amd64-bin qemu-system-x86`. Sauko da kanel mai dogon tallafi daga kernel.org, kamar 6.12, da `wget -c`, don ko data ta yanke ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wurin saita kanel ne ake yawan yin ɓarna. Bayan `make defconfig`, shiga `make menuconfig` ka tabbatar da direbobin rumbu da na tsarin fayil: AHCI, NVMe, USB storage, ext4, vfat da NTFS3, wanda ya shigo tun 5.15 kuma da shi ake karanta rumbun Windows. Kowanne a sa masa tauraro, kada a bar shi a M. Harafin M na nufin direban zai zauna a fayil na daban, wannan ƙaramin faifan kuwa ba ya ɗauke da waɗannan fayiloli. Kwamfuta za ta tashi lafiya lau amma ba ta ga rumbun ba. Kunna `FB_EFI` da `FRAMEBUFFER_CONSOLE` ma, in ba haka ba sabbin laftof baƙin allo kawai za su nuna maka. Wasu masu Intel suna ɓoye NVMe sai an kunna `VMD`.

Sai `make -j4 bzImage` don haɗa kanel; `-j4` na nufin ayyuka huɗu a lokaci guda. A zafin Afrilu na Sakkwato kada ka sake wa furosesa duka ƙarfinsa. Ɗaga gindin laftof ɗin iska ta shiga, ka busa ƙurar hunturun da ta toshe fanka. In an ɗauke wuta ba a yi asara ba, `make` zai ci gaba daga inda ya kwana.

BusyBox 1.36.1 kuma, sauko da shi, ka yi `make defconfig`, sannan ka kunna `CONFIG_STATIC`. Idan ka manta, zai nemi laburaren da babu shi, kanel ya tsaya cak da `No working init found`. Kashe `CONFIG_TC`, yana ƙin haɗuwa a sabbin tsaruka. `make install` zai zuba komai a `_install`. A ciki ƙirƙiri foldodin proc, sys, dev da mnt, da fayil mai suna `init`:

```
#!/bin/sh
mount -t proc proc /proc
mount -t sysfs sys /sys
mount -t devtmpfs dev /dev
exec setsid cttyhack sh
```

Yi masa `chmod +x`, ka ɗaure da `find . | cpio -o -H newc | gzip > ../initrd.gz`.

Kwafi `bzImage` da `initrd.gz` zuwa `iso/boot`, ka rubuta `iso/boot/grub/grub.cfg` mai layin `linux` da na `initrd` a cikin `menuentry`, sannan `grub-mkrescue -o ceto.iso iso`. Ƙorafin `mformat` alamar babu mtools ne.

Gwada shi a kwamfutar kwaikwayo da `qemu-system-x86_64 -m 512 -cdrom ceto.iso` tukuna. Kafin ka rubuta `ceto.iso` a filashi da `dd`, duba sunan filashin a `lsblk` sau biyu: in `sdb` ne, ga `/dev/sdb` gaba ɗaya ake rubutawa, ba `sdb1` ba, kuma kuskuren harafi ɗaya zai shafe rumbunka.

A kwamfutar mai matsalar kashe Secure Boot, tsaron da ke hana tayar da manhajar da ba a sa wa hannu ba, tunda kanel ɗinka ba shi da sa hannu. Amma tambayi mai ita ko akwai BitLocker, makullin rumbu na Windows, domin wannan canjin na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto. Rumbun nasa kuwa a buɗe shi don karatu kaɗai, `mount -t ntfs3 -o ro`, saboda Windows kan bar shi cikin rabin barci, rubutu a kansa na iya lalata fayilolin da aka zo kwasa.