Yadda nake gano ramin da ke cin kuɗina da wayar hannu

Lokacin da na fara kula da ramukan zinare, lissafina duk a ka yake. In an wanke an samu, sai murna. In ba a samu ba, a ce rabo ne. Ban musa rabo ba, amma ashe akwai ramin da man gas kawai yake sha, ba mu sani ba, don duk dutsen wuri guda muke zuba shi a niƙa.

To, abu na farko, ka ba kowane rami lamba. Tsaya a bakinsa, buɗe Google Maps, danna wurin ka riƙe, lambobin wurin za su fito, ka adana. Ka sauke taswirar yankin tun kana gari, don GPS, wato abin da ke nuna wa waya inda kake, na aiki ko babu sabis, amma taswira sai an sauke. Waya takan kuskure da 'yan mitoci, shi ya sa nake rubuta lambar ramin da fenti a jikin dutse, a kuma rubuta ta a kowane buhun da ya fito daga ramin. Kada a gauraya buhuna. Nan ne aka fi rigima da yaran aiki, kuma nan ne duk amfanin yake.

Sai fom. Ni KoboCollect, manhajar cike fom a waya, nake amfani da ita: kyauta ce, tana aiki babu intanet, kuma da Hausa na rubuta tambayoyin. Biyar ne kacal: lambar rami, buhu nawa, litar man gas nawa famfo da janareta suka sha, mutum nawa suka shiga, giram nawa aka samu bayan wanki. Na ƙara wurin ɗaukar hoton sikeli, don hoto ba ya gardama. Sikelin ya zama mai nuna har 0.01 na giram, ka riƙa gwada shi da ma'aunin da aka sayar maka tare da shi.

Ranar Juma'a in na shiga gari sai in tura bayanan fom ɗin, in buɗe su a manhajar lissafi ta Excel. Lissafi biyu nake yi: giram nawa a buhu, da lita nawa a giram. A ce rami na 3 ya ba da buhu 40, giram 6, ya sha lita 120. Rami na 7 kuwa buhu 15, giram 4.5, lita 27. A ido, na 3 ne gwarzo, shi ne ake ta hayaniya a kansa. A lissafi, kowane giram nasa ya ci lita 20, na 7 kuwa lita 6. Amma kada ka rufe rami saboda mako guda. Zinare ba a shimfiɗe yake cikin dutse ba, yau ya ɓuya gobe ya fito. Ni sai na tara makonni shida kafin in janye famfo.

Kafin dillali ya zo, duba farashin duniya. Da oza ake faɗarsa, oza ɗaya giram 31.1 ce, raba farashin da 31.1, ka ninka da canjin dala na ranar. Naka ba tatacce ba ne, dole ya sauko, amma ka san daga inda ake saukowa.

Lambobin nan na GPS kuma, ka gwada su a shafin eMC+ na Ofishin Kadasta na Ma'adinai (mai ba da lasisin haƙar ma'adinai a Najeriya), wanda aka buɗe a 2022, ka tabbata ba cikin lasisin wani kake haƙa ba. In kuma ka samu mai na'urar XRF ta hannu, mai nuna irin ƙarfen da ke cikin dutse, ya haska maka dutsen kowane rami saboda dalma. Wanda ya san abin da ya faru a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ba zai kai dutse gida a niƙa ba.

Lambobin rami da yawan giram kuwa, ban taɓa sa su a zauren WhatsApp ba. Wayar aikin na da makulli, ni da mai riƙe fom kaɗai muka san shi, kuma ba ta kwana a daji.