Garkar bazara: abin da za ka shuka kafin ruwa ya sauka

Da zarar hunturu ya ɗaga, ka cire tumatir daga ranka. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Daura kan haura digiri 40, furen tumatir kuwa ba ya jure haka: ya fito ya kakkaɓe, kai kana ta ban ruwa kana kiwon ganye. Ga kuma tsutsar nan sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da nan Katsina a 2016, ita ma zafi ne lokacinta. Abin da ni nake sa wa a garkata a wannan tsakanin shi ne kuɓewa, alayyahu, rama da yakuwa, sai zogale a jikin shinge.

Shingen ma shi ne farkon aiki. Da rani dabbobi a sake suke, duk garin kuwa ba kore sai wajenka. Darnin kara shi kaɗai ba ya hana akuya. Ka bi gindinsa da ƙayar magarya ko ta aduwa, ka danne da ƙasa. Ƙofa guda ɗaya tak, kuma ka ja wa yara kunne a kanta.

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka kada ka yi kunya irin ta damina. Fangali za ka yi, mai ɗan zurfi, taku biyu a faɗi, uku ko huɗu a tsawo, yadda ruwa zai kwanta ya nutse a inda kake so. Ka zuba takin gida wanda ya riga ya ruɓe, ka cuɗa da hauya, ka jiƙa, ka bar shi kwana uku kafin shuka. Kashin kaji ɗanye yana ƙone tsiro a wannan zafin, sai an bar shi ya huce. Na juji kuwa sai ka tsince leda da kwalba da mataccen batir.

Irin kuɓewa ka jiƙa shi ya kwana, ka sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tsakanin rami da rami kamu ɗaya. Kafin wata biyu za ka fara tsinka, kuma kada ka bari ta wuce kwana biyu ba ka zagaya ba, don in ta ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, ka gauraya da yashi kafin ka yafa. Sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, shi ne ke kawo kuɗin mai tun kuɓewa ba ta yi fure ba.

Ruwa shi ne inda riba take tsayawa ko ta gudu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai injin ban ruwa lissafi yake yi kamar mai awon magani. Ka ba da ruwa da asuba, ko bayan la'asar, ban da tsakar rana. Sannan ka rufe fangalin da ɓuntu ko busasshiyar ciyawa. Mutanenmu suna raina wannan, suna cewa gara yake kira. Gaskiya ne gara takan zo, amma busasshen abu take bi, kuma fangalin da aka rufe yakan kai kwana biyu da danshi inda na fili ya bushe kafin azahar. Ƙwari in sun taso, ka daka 'ya'yan bedi, wato darbejiya, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka ɗan sa sabulu, ka fesa da yamma.

To, ɗan'uwa, bana akwai wani abu da zai same ka a bakin garka. Zaɓen 2027 ya ƙarato, masu neman kujera za su fara zagaye da buhun takin kamfa da yuriya, wani har da inji mai hotonsa a jiki. Ni ra'ayina, in an ba ka ka karɓa, ba ciniki kuka yi ba. Amma kada ka jinkirta shuka kana jiran rabon. Sau da yawa takin siyasa sai gero ya yi bununi yake isowa, kuma buhu ɗaya mutum nawa ne a kansa?

In ɗan takara ya zauna a kan tabarma, bayan gaisuwa ka ce masa, ranka ya daɗe, maganar ruwa fa? Ga dam ɗin Sabke, ga na Daberam a nan kusa da mu, ga Zobe can Dutsin-Ma tun zamanin Shagari. Kadada nawa ruwansu yake kaiwa, wa zai yashe magudanai, a wane wata? Ka tambaye shi 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da Jibiya da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Wanda ya san aikin zai amsa da sunan wuri da lokaci. Wanda ya ce "za mu duba" ka ba shi ruwa ya sha. Katin zaɓenka kuma ka nemo shi tun yanzu, ka tabbata rumfar da ke jiki ita ce ta inda kake zaune.

Yuriyar in ta zo hannu, kuɓewa tana so, amma kaɗan. Cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi gindi guda, ka tona nesa da saiwa kamar yatsa huɗu, ka rufe, ka bi da ruwa nan take. A busasshiyar ƙasa ko a kan ganye ƙuna za ta yi. Ragowar ka ɗaure bakin buhun da kyau ka ɗora a kan katako cikin ɗaki, don in ta sha danshi dunƙulewa take yi, ga geron damina yana jiranta.