Kafin ku sa kyamarar tsaro a gida

Jama'a, masu tambayar ko kyamarar da ake kallo ta waya ta ci kuɗinta: ta ci, amma fa ba ta kama ɓarawo, shaida kawai take ajiyewa. Idan ba ta da sola ko batir, da NEPA sun ɗauke wuta ta zama ado. Ku nemi mai ɗaukar layin waya da memori, ko data ta ƙare za ta ci gaba da naɗa. A kafa ta can sama inda sanda ba ta kaiwa, tana kallon ƙofar gida. Lambar sirrin da ta zo da ita kuwa a canza, kada wani ya riƙa leƙa muku iyali. Kuɗin 'yan sintiri ma a ci gaba da biya.