Yadda nake gyara wa ɗalibi kuskure ba tare da na karya masa gwiwa ba

A 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamitin ƙarfafa wa mutane ganin ƙimar kansu, malamai da yawa a can kuma suka koma yabon yara ko sun yi daidai ko ba su yi ba. A 2003 masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka tara, suka tarar ganin ƙimar kai ba ya kawo maki mai kyau. Sau da yawa ƙwarewa a karatu ce ke sa yaro ya yarda da kansa.

Mu nan abin ya shigo ta wata ƙofa. A wasu makarantun kuɗi malama na tsoron jan biro, kada uba ya cire ɗansa. Yaro ya yi ta tsallake aji da kuskurensa, sai WAEC ta tona asiri. Wannan yana ci mini rai.

'Yar'uwa malama, ga yadda nake yi a aji huɗu. Idan yarinya ta rubuta 7 sau 8 ya zama 54, ba na rubuta mata 56. Ina ja layi ƙarƙashin amsar, in kira ta gefen tebur, in ce a hankali, "Nan akwai gyara, jera mini bakwai-bakwai." Takan tsaya a 49, ta ƙirga da yatsu, ta gano da kanta. Sai na ba ta wani makamancinsa nan take, don in tabbatar ya zauna. Haka malamin allo yake yi: ba a wanke allo sai an biya karatu daidai.

Kada ki tara gyara goma a shafi ɗaya. Zaɓi biyu mafi girma. Kuma ki soki aikin kawai, kalmar "daƙiƙiya" kada ta fito daga bakinki, balle a gaban 'yan aji.

Wajen yabo ma a kula. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka fi jurewa. Don haka nakan ce, "Kin sake lissafin har ya fito."

Iyaye kuma, ki nuna musu littafin da jan layinsa tun farkon zango, ki bayyana musu dalili kafin su gani a gida.