Yadda nake ɗaukar hoton tsauni da fili da sassafe

Ƙanwata, in kina son shiga wannan sana'a, ki sani hoton asuba tun jiya da yamma ake shirya shi. Ki je wurin da sauran rana, ki zagaya da ƙafa, ki zaɓi inda za ki kafa kyamara, ki ga ramuka da duwatsun da za su iya kayar da ke cikin duhu. Ki lura da inda rana za ta ɓullo, domin ba wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba: a watan Yuni tana karkata arewa, a Disamba kuma kudu. Manhaja irin PhotoPills tana nuna wannan a kan taswira.

Ki isa kamar minti 40 kafin fitowar rana. Mutane da yawa jiran rana suke yi, ni kuwa hotunan da na fi so kafin ta fito nake samunsu, lokacin da sama ta yi shuɗi-shuɗi, hazo kuma yana kwance a kwari bai tashi ba.

Mazaunin kyamara mai ƙafa uku dole ne. Ki sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11; yawan lambar, matsewar ƙofar. Kada ki ruɗu da f/22 wai don komai ya fito sarai. Idan ƙofar ta matse da yawa, hoton dishi-dishi yake yi. Ki kashe na'urar hana girgiza tunda kyamara a zaune take, ki sa mata jinkirin daƙiƙa 2 don yatsarki kada ya motsa ta. Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ya fi karɓar gyara. Sannan ki duba jadawalin haske, wato histogram: in ya manne da gefen dama, sama ta ƙone, kuma abin da ya ƙone babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Duhu dai ana iya ɗago shi daga baya.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban hoto. Tsauni mai nisa shi kaɗai ƙarami yake fitowa, kamar tarin ƙasa. Ki nemo abin da ke kusa, dutse mai tsaga ko ciyawa da raɓa a kanta, ki durƙusa har gwiwarki ta jiƙe, ki matso da shi kusa da gilashin kyamara, sai ido ya bi ta kansa zuwa nesa. Idan tsaunukan jere suke bayan juna, ki ajiye gilashi mai faɗi ki ɗauki mai jawo nesa, milimita 70 zuwa 200, ya haɗo su hawa-hawa. Gilashin rage ƙyalli kuwa ya fi aiki idan rana tana gefenki; a kan mai faɗi yakan bar rabin sama da duhu, rabi fari.

Za a ce miki mace ba ta yawon daji ita kaɗai. Fay Godwin ta Birtaniya, wadda ta rasu a 2005, ba ta yi makarantar hoto ba, da hotunan 'ya'yanta ta fara, ta zama gwana a wannan fage, har ta shugabanci ƙungiyar masu tattaki ta ƙasarta daga 1987 zuwa 1990. Amma ki gaya wa wani inda za ki da lokacin dawowarki, ki cika waya da caji, ki nemi izinin mai fili kafin ki shiga. Batirin ajiya ki sa shi a aljihu kusa da jiki, sanyi yana cinye shi.

Idan mujalla ko kamfani suka so hotonki, izinin amfani za ki sayar musu, a rubuce, da wa'adi da inda za su buga shi. Haƙƙin mallaka da fayil ɗin RAW su zauna a hannunki, kwafi biyu, a ma'aji biyu daban.