Daga dandamali zuwa gaban kyamara: abin da 'yar wasa za ta sauya

Da yawa cikin 'yan matan da ke shiga fim a unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango na Accra sun fara ne da wasan kwaikwayo na makaranta, inda sai an ɗaga murya kafin na layin baya ya ji. Horo ne mai kyau. Amma ranar da aka kafa miki kyamara, rabin abin da ake tafa miki dominsa shi ne zai ɓata miki aiki.

Ki duba Judi Dench. An haife ta a York ta Ingila a 1934, ta hau dandamalin Old Vic na Landan a 1957, ta shafe shekaru tana wasannin Shakespeare kafin duniyar fim ta san da zamanta sosai. Tana da shekara 60 a 1995 ta fara fitowa a matsayin M, shugabar James Bond, kuma lambar Oscar da ta karɓa a 1999 ta same ta ne da fitowar da ba ta wuce kamar minti 8 ba, a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a fim ɗin Shakespeare in Love. Ki kalli fitowar nan ki ƙirga sau nawa ta motsa hannu. Kusan duk aikin a ido yake.

Da murya za ki fara. A babban zauren National Theatre na Accra kina aika magana ne zuwa kujerar ƙarshe. A fim kuwa makirufo yana saman kanki ko maƙale a ƙirjinki, saboda haka ki yi wa abokin wasanki magana daidai nisan da ke tsakaninku. In taku biyu ne, muryar taku biyu. Sai dai rage ƙarfi ba haɗiye harafi ba ne: numfashin daga ciki zai ci gaba da fitowa, ƙarshen kowace kalma kuma ya fita sarai. Idan an maƙala miki ƙaramin makirufo, ki ɗaure mayafinki da fil, ki cire awarwaro da sarƙa mai lilo, don kowace gogayyar ƙyalle tana shiga kunnen mai ɗaukar sauti kamar ana yaga takarda. In an fara kiran salla ko janareton maƙwabta ya tashi, a dakata. Ba a rufe su da ihu.

Kafin kowace ɗauka ki tambayi mai kyamara inda hoton ya yanke. Wannan tambaya ba ƙauyanci ba ce, manya ma suna yin ta. In daga ƙafa zuwa kai ne, ki yi wasa da jiki kamar yadda kika saba. In daga kafaɗa ne zuwa sama, sunkuyawar da ba ta kai taƙi ɗaya ba ta isa ta fitar da ke daga hoton ko ta dusashe fuskar. A nan ne ake kama 'yan dandamali: zare ido, ɗaga gira, kaɗa kai a kan kowace jimla. Ki zaɓi idon abokin wasanki wanda ya fi kusa da kyamara ki tsaya a kansa, domin yawo daga wannan ido zuwa wancan yana nuna ki kamar marar gaskiya. Ki rage ƙiftawa a wurin magana mai nauyi. Kuma lokacin da ba ke ke magana ba ki saurara da gaske, don mai tace hoto ya fi neman fuskar mai sauraro.

Za a liƙa miki alama a ƙasa inda za ki tsaya. Ki tsaya a kanta, ki koma da baya kina ƙirga taku, sannan ki shigo da ƙirgen a ka ba tare da kallon ƙasa ba.

Abin da ya fi cinye lokaci a lokeshin shi ne rashin maimaita motsi iri ɗaya. Ana ɗaukar sin guda, wato fitowa ɗaya ta cikin labarin, daga ɓangarori da yawa. In a ɗaukar farko kin kurɓi koko da hannun dama a kan kalma ta biyar, haka za ki yi a duk sauran, in ba haka ba guntayen ba za su haɗu ba. Shi ya sa mai wayo ba ta cika ci da sha a sin ba. Wadda ta kai lomar waakye uku a ɗaukar farko za ta yi ta kai su har a tashi. Ki ɗauki hoton ɗaurin ɗankwalinki da kwalliyarki a waya, domin ci gaban sin ɗin yana iya zuwa bayan mako biyu. Ba a bin labari a jere wajen ɗauka, saboda haka a gefen kowane sin ki rubuta daga ina kika fito da abin da kika riga kika sani.

Kaya masu siraran zane suna rawa a hoto. Farin yadi tas a tsakar rana yana tilasta wa mai kyamara rage haske, sai fuska ta yi duhu. Ki riƙe hoda da tishu saboda zufar Accra, ki danna, kada ki goge.

Haddar magana kuwa, ga da yawa a Zango, Hausa a baki take, karanta ta a rubuce na ba su wuya. Dench ma, tun da ciwon ido ya rage mata gani, karanta mata aka riƙa yi tana riƙewa da kunne. Ki naɗi maganganun abokin wasanki a waya, ki bar shiru a gurbin naki, ki riƙa cikewa a trotro ko wajen wanki. Ki haddace su a miƙe ba tare da salo ba, don kada darakta ya nemi wata fassara ki kasa sauyawa. Bayan jimlarki ta ƙarshe kada ki saki fuska ko ki waiwayi darakta sai kin ji ya ce kot, wato a tsayar da ɗauka.