Yadda ake zuwa dubiya a yi wa mara lafiya addu'a ba tare da an ƙara masa ciwo ba

Wata huɗu na yi ina jinyar maigidana bayan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sati uku na farko a asibiti muka yi su, ina kwana kan tabarma a gindin gado. Shekara da shekaru ina bin 'yan'uwana na Zumuntar Mata zuwa dubiya, amma ban san kurakuran da muke yi ba sai da aka zo aka yi mini su. Abin da zan faɗa a kan tabarmar nan na koye shi.

Kafin ki fita daga gida, ki kira mai jinya. Ki tambaye ta lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, da abin da likita ya yarda mara lafiyan ya ci. An sha kawo mana kula cike da tuwo da miyar kuka, ta ji gishiri da magi, alhali an hana shi gishiri, kuma a lokacin ko kunu da cokali nake ba shi, kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Sabulu, omo, ruwan leda, ko 'yan kuɗi a dunƙule a saka wa mai jinya a hannu ba tare da kowa ya gani ba, sun fi amfani. Ku tafi ku biyu, in kun yi yawa ku uku. Ranar da mata goma sha biyu suka shigo mana cikin ankon zumunta, nas ce ta kore su, kuma ban ga laifinta ba.

In kin shiga, ki gaida kowa a ɗakin, ba naki kaɗai ba. Sannan ki nemi wuri ki zauna. "Sannu Baba, yaya jiki?" Zai ce da sauƙi, ko babu sauƙin. To, ki bar shi a nan, kada ki shiga tono.

Wurin da aka fi yin ɓarna ke nan, don shiru yana yi mana nauyi, sai mu cika shi da wa'azi. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, domin sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa (Ayuba 2:13). Har nan ba su da laifi. Da suka buɗe baki suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne abu ya lalace, har a sura 42 Ubangiji ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Ni ma na samu irin nasu. Wata ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, ku bincika ranku, wataƙila akwai zunubin da ba a furta ba." Wani ya ce aikin maƙiya ne daga ƙauyensu maigida. Daren ranar ban runtsa ba, ina ta lissafin dangin miji ɗaya bayan ɗaya. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, cewa ya yi ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Ke da kika zo da leda a hannu, me ya kai ki yanke hukunci?

Haka kuma kada ki ce wa mutum ƙarancin bangaskiyarsa ne ya hana shi tashi. Manzo Bulus sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:9). Shi ɗin dai ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a garin Militas ba lafiya. In Bulus bai warkar da kowa ba, ki sassauta wa 'yar'uwarki.

Sai addu'a. Ki nemi izini tukuna, ki kuma tambaya, "Me za mu roƙa?" Za ki yi mamakin amsar. Wata rana abin da maigidana yake so kawai ya samu barci. Ni kuwa damuwata kuɗin makarantar autarmu. Ki roƙi abin da aka ce miki, da sunansa. Ki riƙe hannunsa in ya yarda, ki sauke murya. A gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne Musulmi, ɗansa ne ma ke taya ni juya maigida da dare. Ranar da wani ɗan'uwa ya zo yana ihu yana buga ƙarfen gado, kunya kamar in nutse. Allah ba kurma ba ne. Minti biyu ko uku sun isa. Ki roƙi warkarwa da dukan zuciyarki, amma kada ki yanka masa rana, ki ce kafin Lahadi zai miƙe. Lahadin za ta zo, ke kina gida, mu ne za mu kwana da maganar. Kada kuma ki kuskura ki ce a ajiye magani don an yi addu'a. In suna son a shafa mai, ki sanar da fasto da dattawan ikkilisiya, aikinsu ne (Yakubu 5:14).

In za ki karanta Littafi Mai Tsarki, ba lallai sai ayar nasara ba. Ni Zabura 13 ce ta riƙe ni, inda Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Da aka karanta mini ita na gane ashe ina iya gaya wa Allah na gaji, ba tare da na yi saɓo ba. In kalma ta ƙare miki, ki yi shiru. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa.

Kada ki manta da mai jinya. Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, duk muna ce mata Kaka, ko karatu ba ta iya ba. Ta shigo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "'Yata, tashi ki je gida ki yi wanka ki kwanta, ina nan." Na ce, "Kaka, ai ba za ki iya ɗaga shi ba." Ta ce, "Ba ɗaga shi na zo yi ba, kore masa ƙuda zan yi." Ranar na yi barcin awa huɗu a jere, karo na farko cikin kwana tara.

Sannan ki dawo. Satin farko ɗaki cike yake, ana sallamar mutum kuwa sai ƙafa ta ɗauke, alhali lokacin ne kuɗi suka ƙare, ga gashin ƙashi, ga kuɗin mota zuwa asibiti. Ki zaɓi rana guda ki rubuta a kalanda. Ita Kaka ranar Talata ta zaɓa. Har yau hannun maigida bai dawo ba, da sanda yake tafiya, ita kuma tana nan tana zuwa da 'yar gyaɗarta a ƙulle a bakin zane, su zauna a gindin mangwaro tana ɓare masa.